Alhaji Mamuda Wapa: Attajirin da ya ɗora alhazai a mota, sunan kamfaninsa ya zama unguwa

Duk ɗan Zongon Lome da ya taɓa zuwa Kano sayayya ya san Wapa. Kana sauka daga mota da sefarka a aljihu, kafin ka shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, can za a fara nuna maka ka je ka yi canji. Sai dai in ka tare matasan da ke ƙirga kuɗi a wurin ka tambaye su ma'anar sunan, da yawa za su ce maka ai sunan unguwa ne kawai. Alhali kuwa sunan kamfanin sufuri ne, wanda ya riƙa kwasar maniyyata a manyan motoci daga Kano zuwa Sudan tun kafin jirgin sama ya zama abin hawan kowa. Mutumin da sunan ya manne wa shi ne marigayi Alhaji Mahmud Ɗantata, wanda Kanawa suka fi sani da Mamuda Wapa. An haife shi a 1922, ya rasu a 1983.

Mu nan Zongo mutanen hanya ne. Kakanninmu da ƙafa suka zo, iyayenmu a lori suka yi fatauci, mu kuma yau muna hawa bas mai sanyi zuwa Yamai, Kwatano, Legas ko Accra. Saboda haka tarihin wanda ya taimaka aka sauya yadda Bahaushe ke yin tafiya mafi girma a rayuwarsa, ai namu ne mu ma.

Gidan da ya fito

Mahaifinsa shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, daga zuriyar Agalawa, fataken da suka yi suna wajen safarar goro daga Gwanja. Kakan Mamuda, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne. Ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, mahaifiyar Alhassan kuma, wadda ake kira Amarya, ta koma Accra da zama tana kasuwancinta. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta riƙe yaron, daga nan sunan Ɗantata ya samo asali.

Da Alhassan ya tasa, sai ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A can ya ga wata dabara da ta bambanta shi da sauran fatake. Maimakon ya ɗora goro a kan jakuna a yi watanni ana tafiya ta daji, sai ya riƙa loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Jiragen nan ta gaban tekun Lome suke wucewa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, hanyar ta haɗe: goro ya bi ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Daga baya ya shiga sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa, har ya zama attajirin da ake ganin babu kamarsa a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Har yau ana ba da labarin yadda ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929.

To ka ga Mamuda a gidan da ake lissafin hanya ya buɗe ido. Kullum maganar da ake yi a zauren gidansu a unguwar Sarari ita ce wace hanya ta fi sauri, nawa ne kuɗin dako, wane wakili ne mai amana a wane gari. Ya yi karatun allo kamar sauran 'yan uwansa, sannan aka tura shi Gwalkwas ya yi na zamani. Wannan zaman da ya yi a kudu ya ba shi Turanci da iya rubuta lissafi, ya kuma san zongunan Hausawa na bakin teku da irin mutanen da ke cikinsu. Da ya dawo gida ya yi aiki a ƙarƙashin mahaifinsa, kafin a tsakiyar shekarun 1940 ya fara tsayawa da ƙafarsa.

'Yan uwansa ma kowa ya yi suna. Akwai Ahmadu, wanda ya riƙe kamfanin gidan bayan rasuwar mahaifinsu a watan Agustan 1955, akwai Sanusi, kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa, akwai kuma Aminu. Yawancinsu gyaɗa da fatu da kayan masarufi suka bi. Shi Mamuda sai ya kalli wani ɓangare daban, wato jigilar mutane.

Hajji kafin zuwan mota

Sai mutum ya san yadda ake zuwa Makka a da, sannan zai gane girman abin da aka yi a 1948. Mai hali sosai yana iya bin teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi haka a 1921, ya bi ta Ingila a jirgin ruwa. Shi ma Alhassan Ɗantata ta ruwa ya je a shekarun 1920. Amma talaka fa ƙafarsa ce motarsa, in ya samu jaki ko takarkari ya gode Allah.

Mutum zai sayar da gona ko dabbobinsa, ya yi sallama da dangi sallamar da ba a sa ran sake haɗuwa, ya kama hanyar gabas ta Borno, ya ratsa Bagarmi da Wadai da Darfur. In guzuri ya ƙare sai ya tsaya a wani gari ya yi ƙodago, ko ya koyar da yara karatu, ko ya yi noma damina guda, sannan ya ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya.

Da yawa ba su kai ba, wasu kuma sun kai amma ba su dawo ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a mai yawa, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, dubban maniyyata daga ƙasar Hausa suka zama leburorin tsintar auduga don tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Jikokinsu suna Sudan har yanzu, suna jin Hausa, wasunsu ba su taɓa ganin Kano ba. A Zongon Lome ma akwai gidajen da za a ce maka wani kakansu ya tafi gabas, daga nan labarinsa ya yanke.

Shekarar 1948

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci sun ƙaru a Arewa, an samu direbobi da makanikai da suka koyi aiki a soja, hanyar Kano zuwa Maiduguri zuwa Chadi kuma ta ɗan buɗe. Attajiran Kano suka ga dama. Alhaji Muhammadu Nagoda yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar maniyyata a lori zuwa Sudan. A 1948 sai Mamuda Ɗantata, yana ɗan shekara 26, ya haɗa kai da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, mai suna West African Pilgrims Association a Turance. Haruffan farko na sunan ne aka haɗa suka ba da WAPA.

Abokan nasa ba ƙananan mutane ba ne. Haruna Kassim ɗan kasuwa ne da sunansa ya daɗe yana tafiya tare da harkar alhazai a Kano. Ibrahim Musa Gashash kuwa daga baya ya zama minista a gwamnatin Jihar Arewa, kuma jigo a jam'iyyar NPC. Amma a bakin jama'a Mamuda ne sunan kamfanin ya bi, domin shi ya gina masa mazauni a Fagge.

Zaɓen Fagge ma akwai hikima a ciki. Unguwa ce da ke wajen ganuwar birni, tun da can masaukin fatake da baƙi ce, kamar dai yadda Zongo yake a garuruwan kudu. Tana kusa da tashar jirgin ƙasa da kantunan 'yan kasuwa. Maniyyacin da ya taso daga Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, ko wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Ikko bayan ya fito daga Kumasi, Accra ko Lome, a nan zai sauka ya jira ranar tashi.

Abin da kamfanin ya kawo shi ne tsari. A da kowa da ƙafarsa da ƙaddararsa. Yanzu kuwa mutum zai biya kuɗin mota, a rubuta sunansa, a taimaka masa da takardun tafiya da allurar rigakafi, a haɗa shi da ayarin da ke da jagora. Tafiyar da ke cin shekaru ta dawo ta watanni, kuma mutum yana iya sa ran zai dawo ya tarar da iyalinsa.

Yadda hanyar take

Kada mai karatu ya ɗauka irin bas ɗin yau ce mai kujerar kwanciya da talabijin. Yawanci lori ne mai bodin katako, an jera benci, kaya a sama ko a ƙarƙashin ƙafa, sai kuma bas-bas masu ƙarfin jure daji. Kowa da tabarmarsa da butarsa da tukunyarsa, ga guzurin gari da ƙuli-ƙuli da kilishi da yaji. Inda dare ya yi a nan za a sauka, mata su hura wuta, maza su yi sahu a yi salla, direba da karen mota su shiga ƙarƙashin mota suna duba abin da ya kwance.

Daga Kano a bi ta Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600. Daga nan a nufi Dikwa da Gamboru, a ratsa ɗan yankin Kamaru zuwa Kusiri, a ƙetare kogi zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu. Sai a miƙe gabas zuwa Abeche, a shiga Sudan ta Junaina, a wuce El-Fasher, har a kai El-Obeid inda layin dogon Sudan ya tsaya a wancan lokaci. A nan aikin mota yake ƙarewa. Alhazai su hau jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya, a tsare su a Sawakin a duba lafiyarsu, sannan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Babban abokin gabar direba shi ne ƙasar da yake takawa. Tsakanin Dikwa da Chadi akwai baƙar laka wadda in ta sha ruwa ko jaki ba ya iya wucewa, balle mota mai kaya. Can gaba a Darfur da Kordofan kuma rairayi ne, taya ta nutse, kowa ya sauko a tura. Ga shi a shekarun farko na kamfanin lokacin aikin Hajji yana faɗowa ne a ƙarshen damina ko tsakiyarta: a 1948 Babbar Salla a watan Oktoba aka yi, zuwa 1955 ta dawo ƙarshen Yuli. Dole ayari ya tashi da wuri ya tsallake wuraren laka kafin ruwa ya sauka. Wanda ya makara, sai ya yi zaman jiran hanya ta bushe, guzuri yana ƙarewa.

A irin wannan tafiya, jarin mai mota na gaskiya shi ne amana. Tsoho ya kawo maka kuɗin da ya shekara goma yana tarawa, ya ba ka kansa da matarsa, ba ya jin Larabci ba ya jin Faransanci. In ka yashe shi a Abeche babu wanda zai kai wa ƙara. Kamfanin da ya kai mutane ya dawo da su, labarinsa zai riga shi isa ƙauyuka, badi kuma a zo masa da ninkin na bana.

Kuɗi huɗu a hanya ɗaya

A nan ne asalin kasuwar canjin Wapa yake. Maniyyaci yana barin Kano da fam da sule na Afirka ta Yamma, kuɗin da ake kashewa a Najeriya da Gwalkwas. Da ya shiga Kamaru da Chadi sai sefa, wadda Faransa ta ƙirƙiro a 1945. A Sudan fam ɗin Masar ake karɓa, har zuwa 1957 da ƙasar ta fitar da nata. A Jidda da Makka kuma sai riyal. Wanda ya taso daga Lome ko Maraɗi ma tun daga gida da sefa ya fito, sai ya canza ta kafin ya biya kuɗin mota a Kano.

Bankunan lokacin na Turawa ne, ba su da lokacin tsohon da ya zo da kuɗinsa a ƙulle a bakin zane. Mamuda ya ga cewa duk wanda ya ɗauki alhaji a mota, dole ya sama masa hanyar canza kuɗi. Ya shiga harkar da ƙarfi, masu ƙaramin jari suka kewaye gidan kamfanin suna yi su ma. Alhazan da suka dawo da ragowar riyal a nan suke sayarwa, masu shirin tafiya su saya. Sannu a hankali fatake da ba ruwansu da Hajji suka gane cewa a Wapa ake samun kowane irin kuɗi.

Najeriya ta sauya kuɗinta a 1959, ta koma naira a 1973, darajar kuɗaɗe ta hau ta sauka, amma kasuwar ba ta tashi daga inda take ba. Yau in ana son sanin farashin dala ko sefa a Arewa, Wapa ake tambaya.

Da jirgin sama ya shigo

Mamuda da abokansa ba su tsaya jiran zamani ya wuce su ba. Kano tana da filin jirgin sama tun da daɗewa, kuma a shekarun 1950 an fara ɗaukar alhazai ta sama kai tsaye zuwa Jidda. Sai masu WAPA suka buɗe wani reshe mai suna Hajj Air domin wannan aiki. Mai kuɗi ya hau jirgi ya isa cikin kwana ɗaya, mai ƙaramin ƙarfi ya ci gaba da bin mota.

Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma daga lokacin hukuma ta ƙara sa ido a kan halin da alhazai ke shiga, musamman waɗanda ke maƙalewa a Sudan da Saudiyya babu kuɗin komawa. Aka riƙa kafa dokoki a kan wakilan jigila, har a 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa ta karɓe aikin. Wannan, tare da arahar jirgi a shekarun da man fetur ya kawo kuɗi, da kuma yaƙe-yaƙen Chadi, su suka kashe hanyar mota. Kafin a kai nan Mamuda ya riga ya faɗaɗa harkokinsa a Fagge, inda aka samu masaukin baƙi da gidan silima duk da sunan Wapa.

Siyasa

Kamar yawancin attajiran Kano na lokacin, bai tsaya a kasuwa kaɗai ba. Abin da aka fi tunawa da shi a siyasarsa shi ne zaɓen tarayya na ƙarshen Disambar 1964, lokacin da NPC ta tsayar da shi a mazaɓar Kano ta Gabas. Wanda ke kan kujerar tun 1959 shi ne Malam Aminu Kano, shugaban NEPU. Zaɓen ya zo cikin rikici, domin ƙawancen UPGA da NEPU ke ciki ya yi kiran a ƙaurace masa ana dab da jefa ƙuri'a, magoya baya suka rasa na kamawa. Aka bayyana Mamuda a matsayin wanda ya ci, ya tafi majalisar wakilai a Legas.

Har gobe mutanen NEPU ba sa kallon wannan a matsayin kaye na gaskiya, mutanen NPC kuma suna cewa zaɓe dai an yi. Ko ma dai yaya ne, zaman majalisar bai yi tsawo ba. Sojoji suka yi juyin mulki ranar 15 ga Janairun 1966, aka rushe komai, Mamuda ya koma kan kasuwancinsa har Allah ya karɓi ransa a 1983, yana da shekara 61.

Abin da ya rage

Motocin WAPA sun daɗe da zama tsohon ƙarfe. Direbobin da suka san kowace rijiya tsakanin Abeche da El-Fasher sun kwanta dama, alhazan da suka hau su ma saura ƙalilan. Sunan ya tsira ne kawai saboda ya zama sunan wuri.

Kamfanonin mota da yawa ba su yi wannan sa'a ba. A nan Lome, tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka mai da jama'a arewa wajen Agoe, abubuwa da yawa sun ɓace tare da tsofaffin gidaje da tashoshi. Dattawa suna iya lissafa maka masu lorin da suka riƙa kai su Sokode da Mango da Dapaong, ko waɗanda malaman Islamiyya ke ɗaukar hayar motarsu in za a kai ɗalibai ziyara ko musabaƙa, har da kirarin da aka rubuta a goshin kowace mota. Amma babu wanda ya rubuta, kuma duk dattijon da aka binne da nasa kason yake tafiya. Yaran da ke hawa Rimbo zuwa Yamai ko ABC zuwa Legas ba su san wa ya share musu hanya ba. Mai kaka a gida ya zauna da shi ya tambaye shi motar wa ya fara hawa, daga ina zuwa ina, nawa ya biya, ya rubuta ko ya ɗauka a waya.

Sannan maganar amana ba ta tsufa ba. Har yanzu duk shekara sai an ji labarin maniyyatan da suka ba wani wakili kuɗinsu ya ɓace, ko fasinjojin da aka zube a kan iyaka da dare aka ce su nemi wata mota. Mutanen 1948 ba su da waya ba su da kwalta, amma sun kai tsofaffi har bakin Bahar Maliya sun dawo da su gida. Masu jigilar yau da ke da komai a hannu ba su da hujjar kasawa.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamuda da abokan aikinsa, da direbobi da yaran mota da ba a san sunayensu ba, da duk alhazan da suka rasu a hanyar gabas. Amin.